Mai Raba Ruwa

Ƙarfe biyun dare a bayan Auyo,
can wajensu ko isha ba a yi ba.
Sau huɗu na ja igiyar janareta kafin ya yarda.
Mu bakwai ne a benci, har da Haladu mai shayi
da ya rantse ba zai ƙara hana idonsa barci ba
saboda yaron da ba ya cin ƙwallo.

Ga shi can, lamba shida a gadon bayansa.
Tasi'u. Ƙanena.
Mai sharhi na tauna sunan kamar ɗanyen rogo,
ya haɗiye rabi, ya tofar da rabi.

Ku masu jiran raga ta girgiza,
ba ku san aikinsa ba.
Ni na sani, don Baba ne mai buɗe ƙofar ruwa
a kanal ɗin da shinkafar gari take sha.
Bai taɓa dashe a gonar kowa ba,
tsayawa yake a tsakiya da makulli,
ya ce yau na Ɗan'azumi ne, jibi na mutanen gabas.
Ranar casa a yabi iri, a yabi taki,
wanda ya saki ruwan yana gefe yana cin goro.

To haka Tasi'u.
Kafin ƙwallo ta iso shi ya waiga sau biyu,
ya ga fegin da ƙishi ya fi damu,
ya tura ta can da cikin ƙafa,
wani ya ci, wani ya zame da gwiwa a ciyawa,
kyamara ta bi wancan.

A busasshen fegi ya koya, bayan yanka,
inda guntun kara ke tsaga tafin ƙafa.
Wani koci daga Dutse ya tsaya gyaran taya,
ya ga yaro ba ya kallon ƙasa,
ya tambayi gidansu.
Daga nan Kaduna, daga nan wata makaranta
a garin da numfashi ke fita kamar hayaƙi.

Shekara goma sha biyu. Kulob huɗu.
Sau biyu da safe ya ji an sayar da shi,
kamar buhun da aka sauya wa mota a tasha.
Ƙwallo tara kacal ya ci,
na zana su da gawayi a bangon rumfar nan,
ruwa ya wanke uku, na sake zanawa.
Waɗanda ya miƙa wa wasu kuwa,
bangon ba zai ɗauka ba.

A shekara ta takwas gwiwa ta balle.
Inna ta ƙulla garin magani a leda,
ta rasa wanda za shi Amurka.
Har yau ƙullin yana cikin kwallarta.
Ya warke babu shi, ya dawo fili da ɗingishin
da ni kaɗai nake gani.

An ce ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar.
Haladu ya ce mun rasa shi ke nan.
Amma injin ban-ruwan da ke tari a fadama,
wa ya aiko kuɗinsa?

Daren nan ne wasansa na ƙarshe.
Minti na saba'in da ɗaya aka ɗaga allo,
shida ta fito ja.
Ya kwance ƙyallen kyaftin a hankali,
ya ɗaura wa wani yaro mai jan gashi,
ya nuna masa gefen hagu da yatsa, yana faɗa masa wani abu.
Har a bakin fita rabo yake yi.

Haladu ya farka yana goge baki.
Ya ce, ya ci?
Na ce bai ci ba.

Ladan ya gyara murya.
Na kashe janareta, na ɗauko makullin Baba daga ƙusa.
Yau na Ɗan'azumi ne.